Yadda za ka sa wa babur sabuwar sarƙa ka yi mata ribiti a gida

Sarƙar babur, wadda makanikai suka fi kira cen, ba ta mutuwa rana ɗaya. Tun da wuri take fara ba ka labari. Ka ɗaure ta yau, bayan kwana uku ta sake saki. Ka juya tayar baya da hannu, ka ji wani wuri ta yi tauri, wani wuri kuma tana lilo. Ko ka ga wata jar ƙura kamar garin tsatsa tana fitowa daga tsakanin gaɓoɓinta. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne ka kama gaɓa ɗaya a can ƙarshen sifoket na baya, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa, ka ja ta baya. In ta ɗago har ka hango rabin haƙori, ta gama aikinta. Mai son lissafi kuwa sai ya miƙe sarƙar ya auna gaɓa 20, daga tsakiyar ƙusa ta 1 zuwa tsakiyar ta 21. A sabuwar sarƙa mai lamba 520, 525 ko 530 tsawon nan milimita 317.5 ne, littafin babur ɗinka kuma ya faɗi iyakar da ba a wucewa. Ba ƙarfen ne ke miƙewa kamar roba ba, ƙusoshin ne da ramukan da suke juyawa a ciki ke cinye juna kaɗan-kaɗan, sai ratar ta taru ta zama tsawo.

Yawancin aikin sauya sarƙa kwancewa ne da ɗaurewa, kuma duk wanda ya taɓa cire taya zai iya. Wuri ɗaya ne ake cin jarrabawa ko a faɗi: mahaɗi, wato gaɓar nan guda da za ka haɗa bakin sarƙar biyu da ita. Sauran gaɓoɓin inji ne ya haɗa su a masana'anta. Wannan ɗayar hannunka ne zai haɗa ta, kuma kuskuren da ke ɓata ta bai kai milimita ɗaya ba, abin da ido ba ya gani. Shi ya sa za ka ji ina ta maimaita maganar awo har ka gaji.

Abin da za ka saya

Lambar sarƙa tana rubuce a jikin faya-fayan gefe na tsohuwar, in ka goge dauɗa za ka gan ta. Lamba ta farko tana nuna tazarar da ke tsakanin ƙusa da ƙusa: 4, kamar a 420 da 428 na ƙananan babura, rabin inci ne, wato milimita 12.7; lamba 5 kuma milimita 15.875 ce. Lambobi biyu na ƙarshe faɗin cikin sarƙar ne. Saboda haka 520, 525 da 530 tazararsu ɗaya, amma 525 ta fi 520 faɗi, 530 kuma ta fi 525, kuma ba a sa sarƙar wata lamba a kan sifoket na wata. Sai yawan gaɓoɓi, wanda kullum adadi ne da ke rabuwa biyu: 108, 112, 116, 120 da makamantansu. Ƙirga na tsohuwar ko ka duba littafi. In ba ka sami daidai ba, sayi wadda ta fi tsawo, za ka rage.

Sarƙoƙin manyan babura suna da zobban roba tsakanin faya-fayan ciki da na waje, waɗanda ke kulle giris a cikin kowace gaɓa. Akwai zobe zagayayye na asali, akwai kuma wanda in ka yanka shi siffarsa kamar X take, wanda ya fi riƙe giris kuma bai kai wancan gogayya ba. DID, RK, EK, Tsubaki da Regina duk suna yin irinsu. Abin lura shi ne mahaɗi ba ya aro: na kamfani ɗaya ba ya zama a sarƙar wani kamfani, kai ko a kamfani ɗaya, kowane samfuri da nasa, don kaurin ƙusa da na faifai sun bambanta ko da lambar ɗaya ce.

Sayi mahaɗi biyu. Ɗaya yakan zo cikin kwali, ka ƙara wani. In wannan ne karonka na farko, akwai yiwuwar ka ɓata na farkon, kuma babu abin haushi kamar babur a tsaye, sarƙa a buɗe, kai kuma kana jarabtar kanka da sake amfani da mahaɗin da ka riga ka lalata.

Ra'ayina a kan sifoket kuwa ba ya canzawa: a sauya su duka biyu tare da sarƙar. Tsofaffin haƙora sun riga sun cinye daidai da tsohuwar sarƙa, in ka ɗora musu sabuwa za su koya mata tsufa da wuri. Dubi na gaba musamman. Shi ne ƙarami, ya fi juyawa, kuma a ɓoye yake bayan murfi, don haka shi ake mantawa. In haƙoransa sun lanƙwashe gefe ɗaya kamar ƙugiya, ba sai an yi muhawara ba.

Kayan aiki: na'urar yanka sarƙa da yin ribiti (wato buɗa kan ƙusar mahaɗi don faifai ya kasa zamewa), wadda ke da tsinken tura ƙusa, faifan matsi, da kan buɗa bakin ƙusa, ma'aunin kauri da ake kira baniya, mai nuna lamba ya fi sauƙin karantawa, injin gurza ƙarfe ko magagari mai kaifi, sufana mai auna ƙarfin ɗauri, soket daidai da notin sifoket na gaba da na tayar baya, da dogon hannu, filaya, tabarau na kare ido, tsumma da yawa, da abin da zai ɗaga tayar baya daga ƙasa, ko ƙafar tsakiya ta babur ko jak. In babu baniya, a ɗage aikin har a same ta. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Zaɓi ranar da ba ka da inda za ka.

Kwance notin gaba tun tsohuwar sarƙa tana nan

Zare makulli ka sa a aljihu. Daga nan har ka gama, inji ba zai tashi ba. Mutane da yawa sun rasa yatsu a tsakanin sarƙa da sifoket saboda taya tana juyawa da inji.

Cire murfin sifoket na gaba. Za ka tarar da tarin baƙin giris haɗe da yashi, kankare shi. Ɗauki hoton sifoket ɗin da waya kafin ka taɓa komai, don wasu suna da tudu a fuska ɗaya, in ka juya shi baibai sarƙa ba za ta tafi a layi ba. A wasu babura ƙananan notuna biyu ne da ɗan faifai ke riƙe shi, wannan mai sauƙi ne. A wasu kuma ƙaton noti ɗaya ne, da washa da aka lanƙwasa bakinta a jikinsa don kada ya warware. Miƙe bakin washar tukuna.

Ƙaton notin nan yana da taurin kai, kuma sandar da yake kai juyawa take yi. Tsohuwar sarƙa ce za ta riƙe maka ita. Babur na ƙasa, wani ya hau ya taka birkin baya da ƙarfi, kai kuma ka ja da dogon hannu. Kada ka dogara da giya kaɗai, nauyin da za ka sa ba na haƙoran cikin inji ba ne. Wanda ya fara yanke sarƙa kafin ya kwance notin nan ya ɗaure wa kansa aiki. Sassauta shi kawai, ka bar shi a wurin. Yanzu ne kuma lokacin sassauta notunan sifoket na baya, tun taya tana jikin babur da birki yana riƙe da ita.

Yanke tsohuwar

Ɗaga tayar baya. Zaɓi gaɓar waje ɗaya a kan sifoket na baya, inda haƙora za su riƙe ta ta tsaya cak. Sa tabarau, rufe taya da abin da ke kusa da tsumma mai ɗan damshi, ka tabbata tartsatsi ba ya nufar tanki ko bututun mai, sannan ka gurje kan ƙusa ɗaya har ya yi daidai da faifan.

Akwai masu tsallake gurzar nan su ce na'ura za ta iya. Ni ma na taɓa cewa haka. Na ɗaura na'ura a kan ƙusar sarƙa 530 da ba a gurje ba, na yi ta murɗawa, sai na ji ƙas. Na ɗauka ƙusa ce ta saki, ashe tsinken na'urar ne ya karye gida biyu. Kan ƙusar masana'anta an baje shi ne musamman don kada ya fita, tsinken kuma siriri ne mai tauri, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

Matso da gaɓar zuwa ƙasa inda akwai fili, ka ɗaura na'urar yadda tsinken zai sauka a tsakiyar ƙusa sak, ramin bayan na'urar kuma a buɗe don ƙusa ta sami hanyar fita. Murɗa a hankali. Da farko za ka ji tauri, sai ta saki ta tafi sumul. In taurin ya ƙi ƙarewa, tsaya ka duba saiti, kada ka ƙara ƙarfi.

In har ka yanke shawarar barin tsofaffin sifoket, ɗaura bakin sabuwar sarƙa a bakin tsohuwar da ɗan waya, ka ja tsohuwar ta ƙasa, ita za ta zagayo da sabuwar ta kan sifoket na gaba. In kuwa za ka sauya, zare ta kawai ka shimfiɗe a ƙasa, za ta yi maka amfani wajen ƙirga.

Cire tayar baya, ka lura da yadda ƙananan zobban ƙarfe na gefe da gefe suke, don ba lallai tsawonsu ɗaya ba. Kada ka kwantar da taya a kan faifan birki, ɗora ta a kan katako biyu. Kada kuma kowa ya taka birki taya tana waje. Sa sabon sifoket, ka ɗaure notunansa kana tsallakawa daga wannan zuwa na ɗaya gefen, ba bi da bi ba, har ƙarfin da littafi ya ce. Tun da ka buɗe, leƙa robobin da ke bayan mazaunin sifoket, masu shanye fizgar inji. In sun ragargaje, sauya su. Sa na gaba, da sabuwar washa in naka mai washa ne, ɗaure notinsa da hannu kawai. Mayar da taya, sassauta notunan jan sarƙa, ka tura tayar gaba.

Tsawo

Zagayo da sabuwar sarƙa ta kan sifoket na gaba, ka kawo bakunan biyu su haɗu a kan na baya. In tsawonta daidai ne, za ka ga ratar haƙori ɗaya tsakaninsu, wurin zaman mahaɗi ke nan. In ta yi tsawo, ɗora rarar a kan ɗaya bakin ka ga inda ya kamata a yanke.

Abu biyu za ka riƙe. Mahaɗi gaɓar waje ce, don haka dole bakunan biyu su ƙare da gaɓar ciki, siririyar nan mai rami. Na biyu, kada ka auna da sarƙa a ɗame kamar tsirkiya. Tana bukatar saki, taya kuma tana bukatar sauran wurin ja baya nan gaba. Yi wa ƙusar da za ka cire alama da alƙalamin maka, ka ƙirga gaɓoɓin, ka kwatanta da na tsohuwar ko na littafi, ka sake ƙirgawa. Mai tsawo ana rage ta, gajeriya kuwa ta tafi ke nan. In ka canza yawan haƙora, ƙirgar tsohuwar ba ta da amfani, abin da ka gani a jikin babur shi ne gaskiya. Gurje ka ture kamar yadda ka yi a baya, sai dai wannan karon naɗe gaɓoɓin kusa da tsumma don kada garin ƙarfe ya manne a sabon giris.

Haɗa mahaɗin

Wanke hannu, ko aƙalla ka goge yashi. A cikin ledar mahaɗin za ka tarar da faifai mai ƙusa biyu a jikinsa, marfinsa, zobban roba huɗu, da ɗan ƙunshin giris. Wasu kamfanoni suna ƙarawa da 'yan siraran ƙarafa da ake cusawa tsakanin faifai da faifai don hana matsi wuce kima.

Giris ɗin nan kada ka yi masa rowa. Shafa shi a ƙusoshin biyu, a zobban huɗu, ka tura saura cikin ramukan bakin sarƙar. Da zarar ka rufe marfi, wannan gaɓa ba za ta sake ganin giris a cikinta ba har ƙarshen rayuwarta; man da kake fesawa daga waje ba ya tsallake zoben roba. Mahaɗin da aka haɗa a bushe shi ne ke fara yin ja da tsatsa alhali sauran sarƙar tana sabuwa.

Zura zobe ɗaya a kowace ƙusa har gindi. Shigo da mahaɗin daga ɓangaren taya, ƙusoshin su fito ta wajenka, inda za ka iya aiki a kansu kuma ka riƙa ganinsu daga baya. Zura sauran zobba biyu, sannan ka ɗora marfi, rubutunsa yana kallon waje. Ƙirga: biyu a baya, biyu a gaba. Zoben nan yana da halin faɗuwa ƙasa shiru, ka rufe ba ka sani ba.

Marfin ba zai shiga da hannu ba, kuma haka aka yi shi. Ramukansa sun ɗan fi ƙusoshin ƙanƙanta, wannan matsewar ce ma ke ɗauke da yawancin riƙon. Ɗan danna shi da filaya ya kama bakin ƙusoshin, sannan ka juya taya a hankali ka kawo mahaɗin tsakiyar layin ƙasa, inda na'ura za ta sami wuri.

Matse marfi

Kafin ka ɗaura na'ura, ɗauki baniya ka auna faɗin gaɓoɓin waje biyu da ke maƙwabtaka da mahaɗin, daga bayan faifai zuwa bayan faifai. Rubuta lambar. Ita ce inda za ka tsaya.

Sa faifan matsi a na'urar. Yana da ramuka biyu ko kwarmi inda ƙusoshin za su leƙo yayin da marfi ke shiga. Tsuguna ka duba da idonka cewa ramukan suna kan ƙusoshin. In sun kauce, kan ƙusa za ka murƙushe a maimakon tura marfi. Fara murɗawa. Da ka ga ƙusoshin sun fara fitowa, koma yin kwatan juyi: murɗa kwata, kwance na'ura, auna, mayar. Auna a kan ƙusar hagu, auna a kan ta dama, don marfi yakan shiga a karkace. Abin yana da ban gajiya, za ka iya ɗaurawa da kwancewa sau shida ko bakwai. Haka ake yi.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne hanyar ta tafiya ce kawai, babu dawowa. Marfin da bai gama shiga ba, ƙara masa kwata. Wanda ya wuce kuwa ya riga ya murƙushe zobban roba, giris zai tsiyaye, gaɓar ta ƙage. Mahaɗina na farko haka ya ƙare. Na ga kamar da saura, na ƙara rabin juyi ba tare da na auna ba. Da na lanƙwasa gaɓar da hannu sai ta tsaya a lanƙwashe kamar gwiwar da ta sage, zoben roba kuma ya bulluƙo ta gefe kamar leɓe. Na gurje shi na fitar, na ɗauko na biyu. In an ba ka siraran ƙarafan nan, sa su kafin matsi, ka zare su bayan ribiti, amma ko da su ka auna.

Wasu littattafai ba faɗin gaɓa suke bayarwa ba, tsawon abin da ƙusa ta leƙo sama da marfi suke faɗa, yawanci milimita ɗaya da 'yan kai. Wutsiyar baniya tana auna wannan. In kana da lambobin biyu, yi amfani da su duka. Da ka kai, lanƙwasa gaɓar sama da ƙasa, ka lanƙwasa maƙwabciyarta. Ya kamata hannunka ya ji nauyinsu ɗaya.

Ribiti

Dubi kan ƙusoshin. In akwai ɗan rami a tsakiyar kowanne, irin wanda na'urar gida ke buɗawa ne. In kan a toshe yake sumul, wannan sai wata na'ura dabam mai danne gefunan kan, kuma in ka gwada shi da ta gida, na'urar za ka lalata. Gara ka nemi mahaɗi mai rami na samfurin sarƙarka.

Auna kaurin kan ƙusa yanzu, kafin ka taɓa shi, ka rubuta. Nemo kuma lambar da kamfanin sarƙar ya ce kan ya kai bayan an buɗa shi. Tana jikin kwali, ko takardar ciki, ko littafin babur. Ga sarƙoƙi da yawa na 520 zuwa 530, lambar tana faɗawa tsakanin milimita 5.5 da 6.0, amma kowane samfuri da tasa iyakar, kuma ita za ka bi. In ka kwatanta da abin da ka auna za ka ga ƙarin da ake nema ɗan mitsitsi ne. A nan mutane ke ruɗewa. Suna tsammanin ganin kai ya baje kamar naman kaza, sai su yi ta matsawa har ya tsage. Aikin ribiti shi ne ya hana marfi zamewa waje, ɗan leɓe kaɗan ya isa.

Canza kayan na'urar. A baya za ka sa matokari, ɗan ƙarfen nan mai kwarmi da ke zama a kan gindin ƙusa, shi ne uwar maƙerar aikin. In ka manta da shi, ko ka bar ramin baya a buɗe kamar lokacin yanka, tura ƙusar za ka yi ta fice ta baya maimakon ka buɗa ta. A gaba kuma kan ribiti, mai dunƙulallen baki. Ɗiga masa ɗan giris, ka saita shi cikin ramin ƙusa, na'urar a tsaye daidai ba a karkace ba. Riƙe jikin na'urar da hannu ɗaya ko da wata sufana don kada ta murɗe sarƙa.

Murɗa har ka ji ya kama, ka ƙara kwata, ka kwance, ka auna. Auna a tsaye, auna a kwance, don kai yakan buɗe ta gefe ɗaya fiye da ɗaya in saiti ya kauce. Ci gaba da haka har ka shiga cikin iyakar da aka ba ka. Da ka shiga, tsaya, ba sai ka kai ƙarshenta ba. Koma kan ƙusa ta biyu ka yi mata daidai da ta farko.

Goge kawunan tas, haska fitila, ka ɗauki hoto da waya ka zuƙo shi. Kana neman leɓe zagayayye mai santsi. Ko tsaga ɗaya ka gani, siririya kamar gashi, mahaɗin ya tashi daga aiki, gurje shi ka sa ɗayan. Leƙa baya ka tabbata gindin ƙusoshin yana inda yake. Sake auna faɗin gaɓar, sake lanƙwasa ta.

Za ka ji masu cewa guduma biyu sun isa, ɗaya a baya ɗaya a gaba. A bakin hanya, don a lallaɓa a isa gida, wannan wata magana ce. Amma duka ba ya da ma'auni: yana ƙara tura marfi ciki, yana iya tsaga ƙusa, kuma ba ka san inda ka tsaya ba. Sarƙar da ta tsinke ana gudu tana iya fasa jikin inji, ko ta naɗe ta kulle tayar baya.

Ƙananan babura da yawa ba ribiti suke amfani da shi ba, ɗan makulli ne mai kama da kifi da ke shiga tsagin ƙusoshin. In irinsa ne naka, ƙa'idar ita ce rufaffen kansa ya kalli inda sarƙa ke tafiya, buɗaɗɗiyar wutsiyar tana bi a baya, don in ya goga wani abu ya ƙara shiga maimakon ya fita. Tura shi da filaya har ya zauna cikin tsagin biyu, kuma wanda aka taɓa cirewa ba a mayar da shi. Babur ɗin da kamfaninsa ya ce ribiti, a yi masa ribiti.

Ɗauri da saiti

Yanzu da sarƙa ta haɗu, sauke babur, mai taimaka maka ya sake taka birki, ka ɗaure notin sifoket na gaba da sufana mai awo har lambar littafi. In akwai washa, lanƙwasa bakinta a jikin notin. Mayar da murfi.

Juya taya ka nemo inda sarƙa ta fi ɗamewa, don ko sabuwa ba ta zama daidai ko'ina. A nan za ka auna saki: tsakiyar layin ƙasa, tura sama, ja ƙasa, ka ga tazarar. Baburan kwalta da yawa suna son milimita 25 zuwa 35, na daji kuma fiye da haka. Sau da yawa lambar tana manne a hannun da ke riƙe tayar baya, littafi kuma zai gaya maka ko a ƙafar gefe ake aunawa ko taya a sama.

Kada ka ɗame ta don ta yi kyan gani. Idan ka hau, ko babur ya faɗa rami, hannun tayar yana ɗagowa, tazarar da ke tsakanin sifoket biyu ta ƙaru, sakin nan ya shanye. In babu shi, boris na sandar sifoket na gaba da na taya ne za su biya, sabuwar sarƙar kuma ta tsufa cikin ɗan lokaci. In za a yi kuskure, gara a yi shi ta ɓangaren saki.

Ja notunan gefe biyu daidai wa daida, kana kallon zanen da ke jikin hannun tayar. Zanen nan ba kullum yake faɗin gaskiya ba, don haka tsuguna a bayan babur ka bi layin sarƙa da ido: ta tafi miƙe, haƙoran sifoket suna tsakiyarta, ba suna gogar gefe ɗaya ba. Kafin ka ɗaure babban notin taya, cusa tsumma tsakanin sarƙa da sifoket na baya ka ɗan juya taya. Wannan zai jawo ta gaba ta zauna a kan notunan ja. Ɗaure da sufana mai awo, zare tsumman, ka sake auna saki, don ɗaurin kansa yakan canza shi. In notin mai ɗan fil ne, sa sabon fil.

Taka birkin baya sau da yawa har ya yi tauri kafin ka motsa daga wurin. In birkinka na ganga ne mai sanda, matsar da taya ya canza saitinsa, gyara shi, ka duba fitilar birki tana kamawa.

Giris ɗin da sarƙa ta zo da shi mai kyau ne, goge rarar waje kawai da tsumma don kada ya fantsama a taya. Yi ɗan gajeren zagaye a hankali, ka dawo ka duba mahaɗin da saki. Sabuwar sarƙa tana ɗan saki a 'yan ɗaruruwan kilomita na farko yayin da take zama a kan haƙora, sai ka sake ɗaure ta sau ɗaya, daga nan ta natsu. Wanke ta da kananzir da burushi mai laushi, ban da fetur da burushin waya, su ne ke cinye zobban roba. Sa mata mai duk bayan kilomita 500 zuwa 1,000, da kuma bayan tafiya cikin ruwa, inji a kashe, kana juya taya da hannu.

Ni nakan ɗiga ɗan fenti mai haske a marfin mahaɗin tun ranar farko. Duk lokacin da nake sa mai, in ɗigon ya zagayo sai in tsayar da taya, in dubi kawunan ƙusoshin biyu, in lanƙwasa gaɓar da yatsa, sannan in ci gaba da juyawa.